Majinyacin Ɗakin Kudu

Duk ƙauyen Buntu Sarre an ji labarin kafin Likita Damaris ta ji. Tana cikin wanke wa wani manomi ƙafar da lauje ya yanka, sai ga Ribka, nas ɗinta, ta faɗo ɗakin ko takalmi ba ta cire ba, ta cusa mata waya a fuska.

"Likita, an shafa mana ja."

"Wane irin ja kuma? Matsa min, kina tare haske."

"Hukumar lafiya mana! Sun fitar da sakamakon likitocin iyali na lardin nan kaf. Masu kirki kore, na tsaka-tsaki ruwan ɗorawa, mu kuwa ja jawur. Wai ke ce likitar da ke watsar da tsofaffi a ɗaka, ba dubiya ba magani."

Manomin ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. A nan Damaris ta gane shi ma ya riga ya ji.

Ta gama ɗaure ƙafar, ta wanke hannu, sannan ta karɓi wayar. Ga sunanta, ga jan, ga kuma bayani a ƙasa: duk asibitin da ya faɗa ja, in bai wanke kansa ba kafin ƙarshen wata, za a janye masa izini, a mai da marasa lafiyarsa babban asibitin gari. Gari kuwa yana can ƙasan dutse, ta hanyar da in ruwa ya sauka ko babur sai an tura. Damaris ta tuna matan da ke da tsohon ciki a ƙauyen, ta san su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda abin ya faru ba wani sihiri ba ne. A can birni bakin teku, mutanen da ba su taɓa hawo dutsenmu ba suka zuba sunayen tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga a kwamfuta, suka duba wa likita ya gani, wa bai gani ba. A ƙarƙashin Damaris suka tarar da tsofaffi birjik waɗanda an yi watanni, wasu ma fiye da shekara, ba a auna su ba, ba a rubuta musu ko ƙwaya ɗaya ba. Don kada a ce sun yi zalunci, suka sa 'yan mata masu zaƙin murya suka bubbuga waya gidajen.

"Yaya jikin Baba?"

"Yana nan kwance, ba shi da lafiya."

"Likita ta zo duba shi?"

"Ai tun kafin girbi ba ta sake shigowa wurinsa ba."

Ba wanda ya yi ƙarya. A wurinmu in numfashi ya tsaya wa mutum ba ma cewa ya mutu, cewa muke ba shi da lafiya. A yi masa allurar da ke hana jiki lalacewa, a naɗe shi a kwantar a ɗakin kudu, a ci gaba da gaishe shi ana kai masa abinci, har ranar da 'ya'ya suka hallara daga duk inda neman abinci ya watsa su, aka yanka ɓauna, aka yi masa rakiya. Ko wata shida ne, ko shekara biyu, ba mai gaggawa. Damaris da hannunta take yi musu allurar. Kuma kamar likitan da ta gada, ba ta aika sunan mutum cikin matattu sai ranar da danginsa suka sallame shi, don tana ganin ba hurumin likita ba ne ya riga iyali faɗin wannan magana.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata ɗaci. Tsofaffin ƙauyen dariya suka yi, don sun san dawar garin. Amma 'ya'yansu da ke aiki a birane su ma suna da waya, kuma ja ja ne ko a ina. Da idonta ta ga wata yarinyar da ita ta karɓi haihuwarta ta wuce ƙofar asibitin a bayan babur, rungume da jariri mai tari, ta kau da kai ta nufi gari, wai mijinta ya bugo ya ce kada ta kuskura. Damaris ta tsaya a baranda har babur ɗin ya ɓace a kwana. Ba fushi ta ji ba. Kunya ta ji, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ta rubuta wa Hukumar, ba amsa. Sai da likitocin sauran ƙauyukan dutse suka yi ca, sannan aka fito a rediyo aka ce an gano kurakurai a alƙaluman, ana ba da haƙuri, za a turo jami'ai su gyara.

Wanda aka turo mata sunansa Pak Rusdin, kamar a ce Malam Rusdin, Musulmi ne ɗan bakin teku, siriri mai furfura a gefen kai. Hanyar ta wahalar da shi, sai da ya zauna a benci ya sha ruwan ɗumi kafin ya iya magana. Damaris ta shirya masa baƙar magana tun da safe, amma da ta ga yadda ya cire hula ya gaishe ta sai ta rasa ta inda za ta fara.

"Likita, mun yi kuskure, kuma kuskure mai muni," in ji shi. "Bai kamata a fitar da abin nan ba a zo an gani da ido ba. Amma zan gaya miki gaskiya, zaren daga hannunki ya fito. Da kin aiko da sunayen a kan kari, da kwamfuta ba ta nemi matattu a layin awo ba."

"Kai ka ce matattu."

"To, ke me za ki ce? Ke fa likita ce."

Ribka ce ta cafe daga bayan kanta: "Yanzu dai ga ta ga ka, Pak. Ta faɗa maka sunayen ka goge, ka koma kafin hanya ta cinye maka sauran hanjin."

Ya yi ɗan murmushi, ya girgiza kai. "Ina ma haka ne. Muna da muryoyin iyalan nan a naɗe suna cewa mutanensu na nan da rai. Wadda ake tuhuma ba za ta wanke kanta da bakinta ba. Dole makusancin kowane ɗaya ya faɗa a gabana cewa wane ya rasu, ya faɗi ranar, ya sa hannu. In ba haka ba, jan na nan daram."

"A gabanka? Da bakinsu?"

"Magana ɗaya ce tak, Likita."

Lallai baƙo ko da ido makaho ne. Damaris ta san nauyin wannan magana ɗaya, amma ba ta da wata hanya, sai ta aika aka tara masu gidajen.

Aka zauna a dandamalin ƙarƙashin rumbun shinkafa, inda ake saukar baƙi. Pak Rusdin ya yi bayani tiryan-tiryan. Da ya gama, kowa ya juya yana kallon Nene Sampe, tsohon da ke riƙe da al'adun ƙauyen, wanda matarsa ma tana kwance a nasa ɗakin kudun. Tsohon ya daɗe yana taunar ganyen siri, goron tsofaffinmu, ya tofar da jan yawu gefe, ya goge baki.

"Yaro, ka sha hanya, sannu. Mu ba ma son a rufe asibitin nan. Jikokina a hannun yarinyar nan suka faɗo duniya." Ya juya ga Damaris. "Amma 'yata, abin da kike roƙo ba ƙarami ba ne. Kina so in tsaya gaban baƙo in kira matata da sunan da ko a zuciyata ban kira ta da shi ba, tana ciki tana jina. To, ba mu ƙi ba. Sai dai mai raba tuwo shi ke fara ɗanɗana miya. Ambe Marten ma ai yana cikin waɗanda ake magana. Ki fara da gidanku. In uwarki ta faɗa, mu ma mu faɗa."

Aka yi ta gyaɗa kai. Pak Rusdin ya dubi Damaris, sai a lokacin ya gane Ambe Marten ɗin da ke cikin sunayen mahaifinta ne.

Tun damina ta bara mahaifin nata yake ɗakin kudu. Ana jiran Marten ne, wanta, babban ɗan gidan wanda ake kiran iyayen da sunansa: Ambe Marten da Indo Marten, wato uban Marten da uwar Marten. Yana aiki a jirgin ruwan kamun kifi can nesa, kuma ba za a sake shi ba sai bayan girbi mai zuwa. Da yammar ranar ta samu layinsa da ƙyar, muryarsa na zuwa tana yankewa.

"Kada ki kuskura, Damaris! Na yi wa Ambe alkawari zan same shi a gida. Ki bar min ubana yadda na bar shi."

"Yaya, za su rufe asibitin."

"To su rufe mana! Ke da karatunki kya rasa aiki ne?"

"Ba aikina nake ji ba. In naƙuda ta kama mace ana ruwa, wa zai..."

Layin ya mutu. Ta sake gwadawa bai shiga ba.

Ta tarar da uwarta a kicin tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Indo Marten ƙaramar mace ce mai kaifin harshe, wadda ko fasto yana shakkar ta. Damaris ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta sa hannu a faifan tana taya ta, ta yi ta juya maganar a baki ta kasa fitar da ita.

"Kina zubar min da shinkafa," in ji tsohuwar. "In ba za ki yi maganar ba, tashi ki hura wuta."

"Indo, kin ji abin da Nene Sampe ya ce?"

"Kurma ce ni? Tun kafin ku tashi daga ƙarƙashin rumbun aka kawo min. Tsohon banza, ya ga wuta ya turo 'yar mutane gaba." Ta watsar da wata tsakuwa. "Ke me kike so?"

"Ba na so ki yi abin da..."

"Ban tambaye ki abin da ba kya so ba."

Damaris ta cire hannu daga faifan. "Ina so asibitin ya tsaya, Indo."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsincewa har ta kai ƙarshen faifan, sannan ta ce, "Ki kawo shi gobe da hantsi. Ki ce masa ya sa riga mai kyau, gidan dattijo zai shiga."

Damaris ta so a ce uwar ta zage ta, ko ta ƙi. Wannan saurin yardar ya fi komai tayar mata da hankali.

Washegari Pak Rusdin ya zo da farar riga a goge. Ya cire takalmi a gindin matakala, ya hau yana sunkuyar da kai saboda ƙofar. Indo Marten ta tarbe shi da kofi, amma ba ta bari ya sha ba.

"Ba a shan abu a gidan mutum ba a gaishe shi ba. Taso."

Ta ja labulen ɗakin kudu. Ɗakin fes, ƙamshin ganyen shayi da itace na tashi. Ambe Marten na kwance a naɗe cikin jan zane da baƙi, fuskarsa a buɗe, ta bushe ta yi duhu, amma shi ne, har da ɗan karkacewar bakin nan nasa kamar mai shirin tsokana. Tabaransa na gefen matashi.

"Ambe Marten, ka yi baƙo daga birni," in ji ta da muryar yau da kullum. "Daga wurin masu kula da aikin 'yarka yake. Kada ka tashi, ya san ba ka jin daɗi."

Damaris ta dubi Pak Rusdin. Mutumin da a garinsu ba a barin gawa ta kai faɗuwar rana, ga shi tsaye gaban wadda ta shekara. Leɓɓansa suka yi motsi da wata addu'a tasu. Sannan ya ɗan rusuna ya ce, "Barka da hutawa, Baba. Ka gafarce ni, na shigo maka gida da damuwa." Ko ba komai, ranar Damaris ta ji ta yafe masa rabin laifin Hukumarsa.

Ya juya zai koma zaure, tsohuwar ta ce, "A'a. Nan za a yi. Ban taɓa yin maganarsa a bayan idonsa ba, ba yau zan fara ba."

Suka zauna a tabarma. Pak Rusdin ya ciro takarda da biro. Indo Marten ta matsa kusa da mijinta, ta gyara masa gefen zanen da bai karkace ba.

"Ka ji abin da ake ciki," ta ce masa. "Sun ce 'yarka ta watsar da kai. Ita da ta kwana uku a ƙafarka ba ta runtsa ba. Za su rufe mata asibiti, matan garin nan su riƙa haihuwa a kan hanya. Na san ka, da kana iya tashi da ka sauka birnin nan da sandarka. To ba ka iyawa, sai ni. Marten zai yi fushi, ka bar ni da shi. Ka yi haƙuri, ka ji? Ba korar ka nake ba."

Ta juyo ga baƙon, ta miƙe wuya.

"Tambayi."

"Indo," in ji shi a hankali, "mene ne halin da mai gidanki yake ciki?"

Damaris ta miƙa hannu za ta riƙe ta, tsohuwar ta ture hannun.

"Mijina ya mutu."

Maganar ta fito a bushe. Ana jin kaji na tono a ƙarƙashin gidan. Pak Rusdin ya rubuta, bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya sake magana, da gani ya so a ce wani ne zai yi tambayar.

"Saura abu ɗaya, Indo. Wace rana ce?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta sunanta.

"Wace rana kuma? Yau mana. Ba a gabanka aka yi ba? Rubuta yau."

Biron ya tsaya. Pak Rusdin ya ɗago ya dubi Damaris, ita ma ta gane abin da ya gane. In aka rubuta yau, to Ambe Marten ya yi shekara guda da rai a gidan likita ba awo ba magani, jan ya ƙara ja ke nan, kuma duk gidan da za a shiga bayan wannan haka za su ce. Shi ba zai iya gyara wa tsohuwar magana ba, ba huruminsa ba ne. Mutum ɗaya ne a ɗakin ya riƙe wuyan hannun mamacin a waccan ranar har bugun ya ɗauke.

Sau nawa Damaris ta faɗa wa iyalai irin wannan magana, a tsaye, da farar riga? Amma kullum da ta faɗa sai ta bar su su mai da ita "ba shi da lafiya", ita ma ta bi su a haka. Sai yanzu ta gane a kan mahaifinta ba bin su kawai ta yi ba. Kowace safiya in za ta fita takan leƙa ta ce masa ta tafi aiki, kuma har ga zuciyarta tana jin ya ji.

"Indo," ta ce. "Ba yau ba ne."

Tsohuwar ta juyo.

"Bara ne, Indo. Ranar Talatar da ruwa ya cinye gadar ƙasa, da la'asar. Ina riƙe da hannunsa. Tun ranar ya rasu." Ta faɗi kwanan watan, Pak Rusdin ya rubuta.

Indo Marten ta daɗe tana kallon 'yarta, ba fushi a idon, sai wani abu da ya fi fushi ciwo.

"Duk abincin da na kai masa fa?" ta ce. "Duk hirar da muka yi?"



Tsohuwar ta karɓi biron ta yi ɗan zanenta a inda aka nuna mata, ta ajiye shi a tabarma a hankali. Sannan ta juya ta kifa fuskarta a ƙirjin mijin, wani sauti ya fito daga cikinta, siriri da farko, ya yi ta hawa har ya cika gidan ya fita ta tagogi. Kukan mutuwa ne, wanda ba a yi wa mara lafiya, wanda ta riƙe shekara guda tana ajiye wa ranar da ɗanta zai tsaya a gefenta. A gonakin shinkafa mutane suka ɗago daga sunkuyo suna duban gidan.

Pak Rusdin ya tattara takardarsa ya fita da baya. A gindin matakala ya tarar da Nene Sampe tsaye, dogare da sanda, sauran masu gidajen na bayansa.

"Mun ji," in ji tsohon. "Muje gidana."

Damaris ta ji tafiyarsu tana nisa. Asibitin ya tsira, ta san da haka, ta nemi daɗin abin a ranta ta rasa. Ta rarrafa ta rungume bayan uwarta, ta buɗe baki za ta ce mata ta yi haƙuri, sai ta ji nata kukan ya riga maganar fitowa.